Yadda za ka tara dukiyar da ba ta rabuwa

Gyara zama, Malam. Matsalarka, in na fahimta, ita ce duk abin da ka tara sai dangi sun raba. Ba laifin dangi ba ne. Laifin adadin ne: kana tara lambobi masu saurin yarda, irin su 100 da 1,000, waɗanda ko yaro ya zo da hannu biyu sai su rabu. Abin da kake bukata shi ne lambar da ba ta rabuwa daidai sai gida ɗaya ko gida ita kanta.

Mu fara da ƙarami. Ninka 2 sau uku, wato 2 × 2 × 2, ka samu 8. Cire ɗaya, saura 7. Raba wa mutum biyu. Ka gani? An fara gardama. To, hanyar ke nan, kuma sunan wani limamin Kirista na Faransa, Marin Mersenne, wanda ya rasu a 1648, ake kiran irin waɗannan lambobi da shi. Sai dai ka kula, ba kullum take ci ba. In ka ninka sau 11 ka cire ɗaya za ka samu 2,047, wadda ke rabuwa gida 23, kowa 89. Mai 'ya'yan 'yan'uwa 23 ya kiyaye ta.

Wadda nake ba ka shawara ita ce ta watan Oktoba 2024, da Luke Durant ya gano a Amurka da taimakon dubban na'urori a ƙasashe 17. Jera 2 guda 136,279,841, ka ninka su duka, sannan ka cire ɗaya. Kada ka manta da cire ɗayan nan. Mutane kan gaji a wannan gaɓar, su bar shi, sai aikin ya tashi a banza.

Alƙalumanta 41,024,320 ne, na ƙarshe kuma 1 ne. In shafi yana ɗaukar alƙaluma 2,000, littafi mai warƙa 80 kuwa shafi 160 ne, za ka sayi littattafai 129, na ƙarshen ba zai cika ba, sai ka ba yara. In mai rabon gado ya nemi a karanta masa jimla, karanta masa, haƙƙinsa ne. Alƙalami ɗaya a daƙiƙa, ba barci ba abinci, za ku gama cikin kwana 475.

Yanzu gwaji. Mata biyu: saura ɗaya. Ƙanne uku: saura ɗaya. Mata huɗu: saura uku, wanda ya fi muni, domin kowacce na ganinsu. In aka zo fitar da tumuni, saura bakwai. Hanya biyu kaɗai ta rage: ko kai ka riƙe duka, ko a kawo magada daidai yawan lambar, kowa ya ɗauki ɗaya. An kiyasta ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa ba su wuce lamba mai alƙaluma tamanin da 'yan kai ba, don haka ko danginku na da yawa, da saura.

Sai abin da za ka tara. Kada ka yi da naira, akwai kwabo. Kada ka yi da goro, ana ɓara shi biyu. Akuya kuma ana yankawa. Allura ta fi.

Wurin ajiya wannan naka ne. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka karɓi kyautar allura daga kowa, ko surukinka ne, domin ɗaya ta ƙaru, lambar ta koma mai rabuwa biyu, da huɗu, da takwas, har ƙasa. In kuma ɗaya ta faɗi, nan take ta rabu gida biyu, gida uku, gida biyar. Saboda haka kowace safiya, kafin baƙi su fara sallama, ka ƙirga.