Gwiwata Lafiyarta Ƙalau

Yau dai zan wanke gwiwata ta dama. Shekara da shekaru ina ɗora mata laifin da ba ta ji ba, ba ta gani ba. Duk inda aka ce a hau, sai in dafe ta, in yamutsa fuska, in ce tsohon targaɗen ƙwallo ne ya motsa. An sha sayo mini man zafi, har wata gwaggona ta aiko da sassaƙe daga ƙauye. To, lafiyarta ƙalau. Tana kai ni kasuwa ta dawo da ni, tana tsayuwar tarawihi har a sallame, kuma ranar da karen maƙwabta ya kwance babu matashin da ya riga ni shiga gida. Abin da ke damuna tsoro ne. Da zarar ƙafata ta bar ƙasa ta wuce tsayin mutum biyu, sai cinyoyina su kama rawa, tafin hannuna ya jiƙe, yawu ya ƙafe a bakina.

Da a ce ni ɗan firit ne mai sanyin murya, da an yi mini uzuri. Amma Allah ya ba ni jiki, ya ba ni gemu, ya ba ni muryar da in na yi gyaran murya a zaure yara ke nutsuwa. Kura ke nan, ga tsoro ga ban tsoro.

Ni Bakano ne, kuma duk baƙon da ya sauka a gidana sai ya ce a kai shi Dala. Ba na musu, ni ke tuƙa motar ma. Muna isa gindin dutsen sai in rikiɗe in zama malamin tarihi. In kawo Barbushe da Tsumburbura, in kawo maƙeran da suka narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, in kawo zuwan Bagauda a shekarar 999, in ja zancen in ja, ina fatan rana ta yi zafi baƙo ya ce mu koma. In ya nace, sai in ce, "Hau ka gani, ni na gaji da hawansa." Har in bi shi da bayani: ka duba yamma za ka ga Goron Dutse, ka nemi koriyar ƙubbar babban masallaci, ga rumfunan Kurmi can. Duk a hoto na gan su, ko a bakin waɗanda suka sauko. Na taɓa gwadawa ina saurayi, ranar wata sallah, cikin farar shadda sabuwa dal. Na yi nisa kaɗan a matakalar simintin, sai tsautsayi ya sa na waiga, na hangi kwanon rufin gidajen mutane a ƙarƙashina da wata mata tana shanya a tsakar gida. Nan take na zauna. A zaune na sauko, mazaunai na bin matakala ɗaya bayan ɗaya, wata yarinya mai tallar gyaɗa ta wuce ni da gudu, faranti a ka, ko riƙe shi ba ta yi ba. Bayan wandon ya koma ja jawur. A gida na ce majalisa muka yi a kan dakali.

Abin kunyar na Makka ya fi wannan, don can addini na jawo na fake da shi.

Jabal Nur yana arewa maso gabashin Harami, tsayinsa wajen mita 640, kuma kusa da ƙololuwarsa Kogon Hira yake, inda Annabi (SAW) yakan keɓe kansa kwanaki, ya sauko wurin Nana Khadija ya ɗauki guzuri ya koma, har wahayin farko ya same shi a can yana da shekara 40. A masauki ni ne na tayar da maganar zuwa. Ni na tara kuɗin tasi, ni na ce a fita bayan asuba kafin rana ta buɗe ido, ni na yi wa wani abokin tafiyarmu gorin ƙiba. Farkon hanyar ba laifi: gangare mai kwalta tsakanin gidaje, masu sayar da ruwa da carbi da sanduna. Daga nan matakalar ta fara, tana lanƙwasa dama da hagu, wani wuri da ƙarfen riƙewa, wani wuri babu. Birai na zaune a kan duwatsu suna jiran wanda zai yi sake da ledarsa. Ina tafe idona a kan dugadugan na gabana, ban yarda na kalli ko'ina ba, har muka kai wata kwana inda ƙarfen ya ƙare, garin ya buɗe a ƙasa, fitilunsa ba a kashe ba tukuna, motocin bas sun zama 'yan mitsi-mitsi. Na rungume wani dutse da hannu biyu, kuncina a jikinsa. Har yau ina tuna sanyinsa da rubuce-rubucen sunayen da mutane suka yi masa da fenti.

A nan ne ilimi ya zo mini. Na ce wa abokan tafiya, "Jama'a, ku tsaya. Wai shin hawan nan yana cikin ayyukan hajji ko na umara? Ba ku ga allunan da aka kafa a ƙasa ba?" Na kawo maganar malamai cewa ba ibada ba ce, babu wata lada ta musamman da aka ajiye wa wanda ya hau. Na jawo ayar da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Maganar gaskiya ce, babu malamin da zai ƙaryata ni. Sai dai allunan nan na wuce su ɗazu ina fara'a, kuma hukuncin bai faɗo mini ba sai daidai inda ƙarfe ya ƙare.

Ina cikin wa'azin sai na ji an taɓa mini kafaɗa da sanda. Wata tsohuwa ce, Bahaushiya, ta kai sa'ar mahaifiyata, silifas ɗinta na roba ɗaya an ɗaure shi da zare, ta yi ɗamara da gyale a kan hijabi. Ta ce, "Gafara, ɗan nan, in wuce." Da ta ga yadda na manne, ta tsaya ta dube ni da tausayi. "Alhaji, jiri ne? Ungo goro." Na karɓa da hannu ɗaya, ɗayan bai saki dutsen ba. Na ce, "Gwiwa ce, Hajiya." Ta ce, "Allah ya sawwaƙe, ni ma tawa ta matsa mini," ta dogara sandarta ta yi gaba. Abokaina suka bi ta. Ni kuwa na sauko da rarrafe da baya, na samu mai shayi a ƙasa na zauna, ina ba wasu alhazai da ba su tambaye ni ba fatawa.

Mutum mai irin wannan hali ya kamata ya nisanci zancen duwatsu gaba ɗaya. Ina! Da dare, in kowa ya yi barci, waya nake ɗauka in nemi bidiyon masu ganganci. Na san Caminito del Rey na kudancin Sifen, ƙasar Andalus ta dā, fiye da yadda na san wasu unguwannin Kano: siririyar hanya mai faɗin mita 1 da aka manna a jikin kwazazzabo, sama da mita 100 daga kogin da ke ƙasa. An gina ta tsakanin 1901 da 1905 saboda ma'aikatan tashar wutar lantarki, Sarki Alfonso na 13 ya bi ta a 1921, shi ya sa ake kiranta 'yar hanyar sarki. Da ta tsufa simintin ya zube a wurare, sai ƙarfe tsirara, mutane kuma ba su fasa bi ba, har mutum 5 suka mutu tsakanin 1999 da 2000, aka rufe ta. An sake gina ta da katako da shinge aka buɗe a 2015, amma ni tsofaffin bidiyon nake nema, waɗanda mai kyamara ke taka ƙarfe ɗaya tilo rami na hamma a ƙarƙashinsa. Na san ta dutsen Huashan a ƙasar Sin, inda aka jera katakai a jikin bangon dutse, faɗinsu bai fi taku ɗaya ba, mutum na riƙe da sarƙa, kuma ta nan za ka je ta nan za ka dawo, don haka sai mai zuwa ya zagaye mai dawowa ta gefen rami. Ina kwance a kan katifa, ƙasa da bango duk suna kusa, amma wayar na zamewa a hannuna don gumi.

Da safe kuma in je majalisa in yi Allah wadai da su. "Waɗannan ba su san darajar rai ba. Ƙoshi ne ya yi musu yawa." Wanda na fi zagi shi ne Alex Honnold, Ba'amurken da ya hau El Capitan a Yosemite ranar 3 ga Yuni, 2017, bangon dutse mai tsayin kusan mita 900, babu igiya babu komai sai takalmi da jakar alli, cikin awa 3 da minti 56. Fim ɗin da aka yi a kansa, Free Solo, na kalle shi har na haddace inda zan rufe ido. Da na ji an saka kansa a na'urar hoton ƙwaƙwalwa an ga sashen da ke kula da tsoro ba ya motsawa kamar na sauran mutane, na yi murna ƙwarai, na ce ashe naƙasa ce. Abin da ba na faɗa a majalisa shi ne mutumin ya daɗe yana bin hanyar nan da igiya, yana maimaita wurare masu wuya, yana rubuta inda kowane yatsa zai sauka, kafin ya yarda ya cire igiyar.

Ni fa, mai darajar rai? Ni ne ke shiga motar haya daga Kano zuwa Zariya, direba na taka 140 yana amsa waya, in jingina kai in yi barci har da minshari. Na sha hawa acaɓa babu hular kwano, mu biyu a baya. Mafi muni, in na iso gadar sama ta masu tafiya da ƙafa, ba na hawa. Na gwammace in tattare babbar riga in ratsa tsakanin tirela da adaidaita sahu ana zuba mini ashar, da in taka ƙarfen da nake hango titi ta ƙarƙashinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.2 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Na san wannan adadin, na kuma san na Caminito, amma cinyoyina ba su iya lissafi ba.

Na bi sawun abin a karatu, ba don in warke ba, don in samu sabon uzuri. Ashe jiki da abu uku yake daidaita tsayuwa: ido, da wasu 'yan bututu masu ruwa a can cikin kunne, da saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa. Ko mutum na tsaye cak yana ɗan layi kaɗan, ido ne ke auna bango ko bishiyar da ke kusa ya gyara masa tsayuwa. A bakin dutse babu na kusa, komai na can nesa, sai ido ya daina taimakawa, layin ya ƙaru, jiki ya ji, ya firgita, ya sandare. Maganin da masana ke bayarwa shi ne a durƙusa ko a kwanta, a riƙe wani abu, a kafa ido a kan abin da ke kusa. Wato rungumar dutsen nan da rarrafen da na yi, kimiyya ce tsantsa. Har wannan muguwar 'yar muryar da ke raɗa wa mutum a bakin bene "in ka yi tsalle fa?", wadda nake ta a'uziyya a kanta ina zaton ni kaɗai shaiɗan ya ware, an bincika an ga tana zuwa wa mutane da yawa da ba su taɓa tunanin kashe kansu ba.

Sai dai karatun bai tsaya inda nake so ba. A 1960 Eleanor Gibson da Richard Walk na jami'ar Cornell sun ɗora jarirai masu rarrafe a kan tebur na gilashi, rabinsa da shimfiɗa manne a ƙasan gilashin, rabin kuma shimfiɗar na can ƙasa, ya zama kamar rami. Uwa ta tsaya ta ɓangaren ramin tana kira, yawancinsu suka ƙi zuwa. 'Yan awaki masu kwana 1 a duniya ma suka ƙi. To amma ɗan akuya yana girma ya hau katanga ya yi tafiyarsa a kai, jariran ma suna girma su zama kafintoci masu buga kwano da magina masu hawa bene. Ni ne dai ban bar kan teburin ba.

A gida asiri ya daɗe da tonuwa, kara kawai ake yi mini. In tankin ruwa na sama ya toshe, uwargida ba ta ko kallona, almajirinmu take kira, ni kuma in riƙe tsani da ƙarfi ina ba da umarni: "A hankali, yaro, kada ka kalli ƙasa." Rannan ƙwan fitilar falo ya mutu, na dawo na tarar ta ɗora kujera a kan tebur ta hau da kanta. Na ce, "Haba, ai da kin jira ni." Ta ce, "Na ga gwiwar taka ce, Alhaji," ko murmushi ba ta yi ba, wanda ya fi dariyar ciwo.

Yanzu ga shi ana shirin umara da azumi, kuma babbar 'yata, wadda na cika wa kunne da labarin yadda Makka take in an hango ta daga bakin Kogon Hira, ta ce wannan karon ƙafarta ƙafata, sai na nuna mata wurin da na tsaya na yi addu'a. Ta ma sayi takalmin hawa. Tun makon jiya na fara ɗingishi da ƙafar hagu, don ta dama an gane ta.