Dawaki 48, Babu Mai Cin Harawa

Wanda bai zauna gida ɗaya da surukinsa a unguwar Bronx ba, bai san iyakar kunya ba. A gida, in ka hango surukinka tafe sai ka saki hanya ka bi lungu. A nan lungun guda ɗaya ne, daga falo zuwa banɗaki, faɗinsa kuma na mutum ɗaya. Haka na yi ta durƙusa wa Baba, mahaifin uwargidana, a ƙofar kicin da kofin shayi a hannu, tun ranar da ya sauka daga Katsina.

Baba mahayi ne. Tun yana saurayi yake cikin tawagar hakiminsu, bai san Sallar da aka yi Hawan Bariki babu shi ba. New York kuwa ko kaɗan ba ta burge shi ba. Na kai shi ya ga dogayen benaye, ya ɗaga kai har rawani ya nemi zamewa, ya ce, "Allah ya taimaki mai kai musu ruwa." Daga nan ya koma bakin taga da carbinsa, ya daina tambayar ina za mu.

'Yarmu ce ta ja mini. Muna cin tuwon dare ta ce, "Kaka, ka san akwai dawaki 48 a Brooklyn? Kuma ana hawa."

Baba ya ajiye loma. Ya dube ni, abin da bai cika yi ba. "Gaskiya amaryata ta faɗa?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Na wane sarki ne?"

"Na wata mata ne, Baba."

"Mace! Da dawaki 48!"

Na ga inda maganar ta dosa, na yi ƙoƙarin tare ta. Na ce, "Sai dai fa tsofaffi ne ƙwarai, Baba." Ya ce ai tsohon doki mai sane, shi ya fi daɗin hawa, sai da safe. Ya tashi ya shige ɗaki. Duk mai cewa me ya hana in bi shi in yi masa bayani, to bai taɓa ƙwanƙwasa wa surukinsa ƙofa da daddare don ya gyara masa fahimta ba. Na juya wajen uwargida neman agaji, na tarar ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Ni ban ce komai ba. Kai ka ce gaskiya ne."

Da safe Baba ya fito cikin shiri sosai: babbar riga mai aska takwas, rawani an naɗa shi tsaf, takalman hawa waɗanda ban san ya zo da su ba, ga dorina a hannu, ga ƙullin kanwa a aljihu, don ba a zuwa bargar mutane hannu rabbana. Ya dubi wandon jins ɗina ya ce, "A haka za ka je gaban dawakin mutane?" Na koma na ciro babbar rigar da na ɗaura aure da ita. Ana tsakiyar zafi.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2, wanda ke ɗaukar mutum tun daga Bronx ya ratsa Manhattan ya bi ta ƙarƙashin kogi ya sauke shi a tashar Clark Street. Mutanen New York da aka ce ba sa kallon kowa, ranar sun kalla. Wani saurayi ya tashi ya ba Baba kujera har da sunkuyar da kai. Baba ya karɓa ba tare da mamaki ba. A hanya yana ta lissafi a fili: dawaki 48, damin harawa kaza a rana, buhun dusa kaza, 'yan barga aƙalla goma. Ya ce lalle matar nan ta tara. Ni dai gumi ke bin bayana.

Muka gangara bakin kogin East River. Ga gadar Brooklyn a hagu, ga gadar Manhattan a dama jirage na ruri a kanta. A tsakaninsu, daf da ruwa, wani ƙaton ɗaki ne mai kusurwa huɗu, garai-garai ana ganin cikinsa, wanda Bafaranshen mai zanen gine-gine Jean Nouvel ya tsara. A ciki lilon dawaki ne ke juyawa, fitilu na walƙiya, kiɗan Turawan da na tashi, yara na ihu. Sunansa Jane's Carousel.

Baba ya shaƙi iska. Na san abin da yake nema, warin barga, bai kuwa samu ba.

"Ina bargar?"

"Ita ce wannan, Baba."

Ya tsaya har lilon ya gama zagayensa ya tsaya cik. Ya ƙura wa wani kili ido, ƙafarsa ɗaya a sama, bakinsa a buɗe, ko gezau.

"Na katako ne."

"Na katako ne, Baba."

Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Sai ya sa hannu a aljihu, ya taɓa ƙullin kanwar, ya fitar da hannun ba komai. Jikansa namiji, wanda yake kira ɓarawon mata, ya ce, "Kaka tsoro yake ji." Wannan kalma ce ta hana mu juyawa gida. Baba ya ce a yanki tikiti.

Kafin a buɗe mana, na ciro waya na shiga karanto masa tarihi, ko na samu abin rufe fuska. Wani kamfani a Philadelphia mai suna Philadelphia Toboggan Company ne ya sassaƙa su a 1922, aka kafa su a filin wasa na Idora Park da ke garin Youngstown a jihar Ohio. A 1975 ya zama lilon dawaki na farko da aka sa cikin rajistar wuraren tarihi ta Amurka. A 1984 gobara ta ci wani sashe na filin, aka rufe shi, aka sa kayansa a gwanjo. Da an sayar da dawakin ɗai-ɗai kowa ya tafi da nasa, sai Jane Walentas da mijinta David suka saye su gaba ɗaya a kan dala 385,000.

A nan Baba ya waiwayo. Kuɗin doki magana ce da yake ji ko da barci yake. Ya ce in raba. Na raba, ya kama kusan dala 8,000 kowane ɗaya. Ya ce in mayar naira. Na mayar. Ya yi salati. Sai kuma ya yi shiru, na ga leɓensa na motsi.

"Ba ya cin harawa?"

"Ba ya ci, Baba."

"Ba ya ciwon ciki? Ba ya tsinke igiya ya shiga gonar mutane?"

"Ko ɗaya."

"To ai ba ta faɗi ba," in ji shi.

Da aka buɗe ƙofa, iyaye suka ruga suna ɗora 'ya'yansu. Baba ya hau dandamalin a natse, hannu a baya, ya shiga duba haja. Ya leƙa bakin wani akawal yana duban haƙora. Ya shafa ƙirjin wani bikili, ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙarar kogo, don ba daga gungume ɗaya ake sassaƙa su ba, allunan katako ake mannawa a bar cikin fanko. Ya yaba kwaurin, ya ce wanda ya yi shi ya taɓa wanke doki da hannunsa. Ya kushe sirdin, ya ce ba shi da kwacciya, mutum ba zai yi zamiya a kansa ba. Ya bi zanen jalala da na linzami da yatsa, inda ruwan zinari ke ƙyalli. Na gaya masa shekara da shekaru ana lafta musu fenti kan fenti, sai matar nan ta zauna da 'yar wuƙa mai tsini tana kankarewa a hankali har ta kai ga launin asali na 1922, sannan aka mayar da shi yadda yake. Daga saye zuwa ranar da aka buɗe wurin nan a watan Satumba na 2011, shekara 27 ke nan. Shekara guda bayan haka guguwar Sandy ta tura ruwan kogi ya kewaye ɗakin, dawakin suka tsira.

Baba ya ce, "Shekara 27 tana goge doki. Tana nan?"

Na ce ta rasu a 2020. Ya jinjina kai ya ce samarin bargarsu in ka ce su goge doki na rabin sa'a sai sun nemi kuɗin shayi.

Ya zaɓi wanda ya fi kowanne girma da ado, a sahun waje. Sai matsala ta farko. Lilon Amurka yana juyawa ne saɓanin tafiyar agogo, don haka ɓangaren dama na dokin ne ke fuskantar 'yan kallo, kuma ta nan yake gabanka in ka tako. Baba ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa hawa doki ta dama ba, ba kuwa a ƙasar mutane zai fara ba. Ya kutsa tsakanin sahu da babbar rigarsa, rawani na gogar sanda. Da ya isa hagu ya tarar kusan babu ado a can, masu sassaƙar sun zuba gwanintarsu a gefen da ake gani. Ya ce, "Ka ji algus. Doki gefe ɗaya?" Duk da haka ya ɗare, cikin motsi ɗaya, ya gyara zama, ya baza riga ta rufe gindin dokin. Wata mata ta saki jakarta ta ɗaga waya.

Ni niyyata in tsaya a ƙasa kusa da yaran. Baba ya nuna dokin da ke sahun ciki da dorina. "Hau."

"Baba, ai ni..."

"Ba a bin mahayi a ƙasa sai ɗan zagi. Hau."

Na hau. Aka kaɗa ƙararrawa.

Abin da Baba bai sani ba shi ne, manyan dawakin sahun waje a kafe suke, zagaye kawai suke yi. Na ciki su ne masu tsalle, wani ƙarfe mai lanƙwasa a can sama ke ɗaga sandarsu yana saukewa. To ni a kan mai tsalle nake. Dokin ya yi sama, ɗumamen tuwon da na ci da safe ya biyo shi. Dokin ya yi ƙasa, tuwon ya tsaya a sama. Gadar Brooklyn ta wuce, gadar Manhattan ta wuce, kogi ya wuce, uwargida ta wuce da waya a hannu tana share hawaye, gadar Brooklyn ta sake dawowa. Jiri ya kama ni irin na hajijiyar da muke yi muna yara a ƙofar gida, sai dai a can kai ke da ikon tsayawa. Na saki sanda na rungume wuyan dokin. Hulata ta faɗi ta gangara ƙarƙashin keken doki da wasu tsofaffi biyu ke zaune a ciki. Gefen rigata kuma ya maƙale a matakin ƙarfe, duk sanda dokin ya tashi sai in ji an shaƙe ni ta baya.

Baba kuwa ransa ya ɓaci. Amaryarsa na sukuwa a gefensa, ɓarawon mata na sukuwa a gabansa yana masa gwalo, shi nasa ingarman ya ƙi ko ɗaga kai. Ya zungure shi da diddige. Ya yi masa tsaki irin na barga. Da ya ga ba ci, sai ya huce a kaina.

"Saki wuyan! Matse cinya! Ɗaga kanka, mutane na kallo!"

Da ya ce mutane na kallo sai ya tuna shi ma ana kallonsa. Ya miƙe baya, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama ya yi jinjina, irin wadda ake yi wa sarki. 'Yan yawon buɗe ido suka kaure da tafi. Kowane zagaye sai ya jinjina, kowane zagaye sai su tafa, a bayansa kuma ga wani ƙato cikin rigar aure, ba hula, ido a rufe, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa har da ta shiga kasuwa.

Lilon ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na zuro ƙafa, rigar ta ce ƙiiit tun daga gefe har hammata. Na nufi ƙofa, ƙafafuna suka nufi wani wuri dabam, na tsinci kaina zaune daɓas a kan dandamali, kaina jingine da cinyar wani danda. Yarinyar da ke kula da wurin ta zo da sauri tana tambaya ko in kira likita ne, ɗaya daga cikin tsofaffin nan kuma ta miƙo mini hulata tana ce mini kada in damu, jikanta ma haka ya yi ranar farko, shekararsa uku.

Baba ya sauka ta hagu, ya zagayo ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana dubana.

"Na ga wanda ingarma ya kayar. Na ga wanda goɗiya ta kayar. Na katako dai sai yau."

Sannan ya ce a sake yankar tikiti, wannan karon mai tsalle yake so. Ina zaune a benci na riƙe tsagin rigata da hannu, ɗana ke gaya masa a makaranta an ce wasan nan daga atisayen mahayan Turai ya samo asali, suna sukuwa suna tsire zobe da mashi, har Sarki Louis na 14 ya yi wani gagarumin hawa irinsa a Paris a 1662. Baba ya ce shi dama ya ji a jikinsa. Ya tambaya ko ana ba da hayar mashi. Aka ce babu. Ya hau a haka, ya yi ta hawa har kuɗin aljihuna suka ƙare, uwargida ta ci gaba daga nata.

Bayan sallar isha'i na ji shi ta bango yana aika saƙon murya gida. Ya ce a gaya wa mutanen fada ya hau dokin da ya haura shekara ɗari, lafiyayye, ba ya cin ko tsinke. Ya ce kuma mijin 'yarsa zai zo Babbar Sallah, ya yi niyyar koya masa hawa da kansa. Aka yi masa wata tambaya daga can, ban ji ta ba, amsar dai na ji.

"A'a, wane kuru? Ku nemo jaki tukuna. Mai haƙuri."