Sarautar da Ban Nema Ba

A Maraɗi akwai Sarkin Katsina, a Tibiri akwai Sarkin Gobir, a unguwarmu ta Zariya kuma akwai Sarkin Mage, wato ni. Ba a naɗa mini rawani ba, ba a buga tambari ba. Yaran layi ne suka ɗora mini sarautar, har gobe kuma in na fito da babur sai na ji "ranka ya daɗe" haɗe da "miyau" daga bayan katanga.

Abin ya faro ne da hunturu, ranar da na je Jiratawa sayen zogale. Ina ratsa garakan noman rani, ruwa na bin magudanan siminti, sai na ji tsuwa a gindin wata ayaba. Ƴaƴan mage ne guda uku, sun dunƙule cikin busasshen ganye, ko ido ba su buɗe ba. Nan take na tuna da Abu Huraira, wanda ƴar mage ta sama masa sunan da duniya ta san shi da shi, na ce yau ga lada ta tare ni a hanya.

Dattijon mai garkar ya ɗago daga ban-ruwa ya ce, "Ɗana, bar su. Uwar ta tafi farauta."

Na ce, "Baba, wace irin uwa ce za ta bar jarirai cikin wannan sanyi?"

Ya ce, "Wadda ke son ta sami nonon ba su." Ya koma kan aikinsa. Ni kuwa, mai takardun lakwal, ina zan tsaya jin ta bakin mai ban-ruwa? Na roƙi kwali, na ɗaure shi a bayan babur.

Da isata gida uwargida ta leƙa kwalin, ta dube ni, ta ce, "Malam, ina zogalen?" Ashe zogale yana can gindin ayaba, an biya kuɗinsa an bar shi.

Na dama madarar gari, na ɗauko cokalin shayi. Rabi ya shiga hanci, rabi ya zuba a rigata. Kafin gari ya waye cikinsu ya kumbura, kukansu ya ƙaru. Na garzaya wurin wani maƙwabcinmu ma'aikacin kiwon dabbobi. Ya ce ɗan mage yakan buɗe ido ne bayan kwana 7 zuwa 10, don haka waɗannan ɗanyen haihuwa ne. Ba sa iya ɗumama jikinsu da kansu. Sai an ba su nono duk bayan awa 2 ko 3, dare da rana. Madarar shanu kuma ba ta karɓe su ba, zawo take sa su. Sa'annan ya kawo babbar: har su kai mako 3 ba sa iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe musu gindi.

Na ce, "To ni zan lasa?"

Ya ce, "Auduga da ruwan ɗumi sun isa, amma in kana son ladar ta cika ban hana ka ba."

Haka na koma unguwarzoma. Ƙarfe biyun dare, magidanci da furfura a gemu, tocila a baki, sirinji a hannun dama, auduga a hagu. Uwargida ta juyo daga shimfiɗa ta ce, "Ikon Allah! Malam, duk ƴaƴan da na haifa maka ban taɓa ganin kukansu ya tashe ka ba. Ashe barcin naka yana da ƙofa, mage ce ke riƙe da mabuɗin."

Labari ya bazu a unguwa. Wani yaro ya kawo tattabara mai karyayyen fiffike, na ji daɗi na ba shi dala ashirin. Wannan dala ashirin ita ce ta buɗe kasuwa. Washegari ƙofar gidana ta cika da marasa lafiya. Aka kawo bushiya. Aka kawo zomo, wai maraya ne. Wani ya kawo kunkuru, na juya shi sama da ƙasa ban ga rauni ba, na ce me ke damunsa? Ya ce, "Baba, ba ya sauri." Na biya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Zomo ya cinye salatin da uwargida ta shuka a bakin rijiya. Tattabara ta mai da igiyar shanya makewayi. Bushiya ta zaɓi takalmina ya zama ɗakinta, ban sani ba sai da asuba, ina saurin samun jam'i. Ihun da na yi ya riga ladan tada unguwa. Da hantsi aka yi sallama. Mutumin layin baya ne, ya ce an gaya masa marayan zomonsa yana wurina, uwarsa da ubansa kuma suna gaishe ni. Na mayar masa da abinsa, na ƙara da haƙuri, dala ashirin kuwa ta bi ruwa.

Ana cikin haka ƙaramin cikin ƴaƴan magen ya mutu a tafin hannuna. Ranar ba wanda ya yi mini dariya, har uwargida. Ita ce ma ta ce in kai sauran Tibiri wurin Gwaggo, ta ji an ce magenta ta haihu a ƙarƙashin rumbu.

Gwaggo Bagobira ce ta ainihi, ba ta tauna magana. Na iske ta tana tatsar jar akuyarta, irin akuyar nan ta Maraɗi da aka kafa wa cibiya a garinmu tun 1963, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Ta saurari labarina har ƙarshe, ta ce, "Kai, ɗan nan, wannan ai satar yara ce. Ka ji labarin Abu Huraira, ba ka ji na matar da ta tsare mage ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba?"

Ta ɗauko tsumman da magenta ke kwanciya a kai, ta goge baƙin da shi don su ɗauki warin gida, ta ajiye su a gefen ƴaƴan magenta, ta ce kowa ya ja baya. Mage ta sansana, ta yi jim. Ni kuma na ga abin yana jan lokaci, na miƙa hannu in saita bakin ɗaya da nono. Ta kafa mini haƙori a babban yatsa, ta bi bayan hannun da farce. Da ta gama da ni sai ta juya ta fara lasar ƴaƴan, a natse, aikin da na yi ta fama da shi da auduga.

Gwaggo ta sa aka wanke ciwon da sabulu, ta ce in wuce likita. Can ma'aikaciyar jinya ta sake wanke shi, ta ce ƙa'ida ita ce minti 15 da ruwa da sabulu. Ta ce ciwon haukan kare ba a kare kaɗai ya tsaya ba, mage ma tana ɗaukarsa, in kuma alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Tun da magen Gwaggo ba ta taɓa ganin rigakafi ba, ni ne zan gani a madadinta. Aka rubuta mini jerin allurai. Kuɗin da suka ci ya isa sayen ƴar akuya, wadda ko ba komai da an sha nono.

Ina dawowa na rufe asibitin dabbobin gidana. Tattabara ta koma wurin wani mai kiwonsu, bushiya ta koma bakin gulbi, kunkuru ya kama hanya, wataƙila har yanzu bai fita unguwa ba. Ƴaƴan magen biyu suna can Tibiri sun yi ɓul-ɓul, sun addabi ɓerayen rumbu, in na je ko kallo ban ishe su ba.

Jama'a, tausayin dabba ibada ce, ban ce a daina ba. Amma in ka ga jariran mage a shara ko a garka, kada ka yi saurin neman kwali. Ja baya ka jira, sau da yawa uwar tana kusa. In ka tabbata ba ta dawowa, nemi mage mai shayarwa ko ma'aikacin dabbobi. Ka auna barcinka da aljihunka da haƙurin matarka kafin ka ɗauka, kada kuma ka taɓa biyan yaro ladan kawo maraya. In an cije ka ko an yakushe ka, ka wanke da sabulu, ka tafi likita a ranar.