Rukunan Masana a Gaban Motar da Ta Tafasa

Injin mota yana aiki ne a zafin da ke kusa da digiri 90, kuma ruwan da ke zagayawa tsakaninsa da lagireto ne ke riƙe shi a nan. Idan ruwan ya tsiyaye ta tiyon da ya fashe, ko fanka ta tsaya, ko bel ya tsinke, sai allura ta haura ja, tururi ya turnuƙe bonet, mota ta mutu a gefen titi ta ƙi tashi. An fi ganin haka a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40. Binciken cutar yana da tsari sananne: a bar inji ya huce, a duba ruwa, a duba baƙin mai, sannan a murɗa ki a saurara. Sai dai da wuya a samu sukunin bin tsarin, domin ɗaga bonet gayya ce, masu amsa ta kuwa iri-iri ne.

Na farko shi ne mai motar. Ya ga allura tana hawa tun Kwanar Ɗangora, ya ce bari ya lallaɓa ta zuwa Zariya. Duk wanda ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Wallahi yanzun nan ta fara." Ba a kafa bincike a kan shaidarsa.

Sai mai gaggawar buɗe murfi, wanda ke isowa da tsumma a hannu. Murfin lagireto yana danne ruwa ne don kada ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120, ana sassauta shi da zafi kuwa ruwan zai yi tsiri ya wanke fuskar mai buɗewa. Ana gane tsofaffin wannan rukuni da tabon ƙuna a bayan hannu. Abokin tafiyarsa shi ne mai fiya wata, wanda ke huda leda da haƙori yana tsiyaya ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi jau, yana jin daɗin ƙarar cuuu. Sanyin farat ɗaya na iya tsaga kan inji ko ya lanƙwasa shi, amma shi a ganinsa taimakon Musulunci yake yi.

Idan aka kai ga murɗa ki, sai Malam Batir-ne ya bayyana. A wurinsa babu wata cutar mota a duniya sai batir. Ko da kik yana juya inji garau, wanda shi ne shaidar cewa batir lafiyarsa lau, zai nemi dutse ya ƙwanƙwasa kan batirin ya ce a sake gwadawa. A bayansa 'yan turi suke, matasa masu kyakkyawar niyya, waɗanda kan tura mota mai giyar otomatik har su yi sharkaf da gumi kafin wani ya tuna cewa irinta ba ta tashi da turi.

Mafi cikar kamala a taron shi ne tsohon direba. Ba ya sauri. Yakan iso da carbi a hannu da hula a ƙeya, jama'a su dare masa, ya leƙa cikin inji ya girgiza kai tun kafin ya ga komai. Maganarsa ta farko ba ta shafi wannan motar ba, ta shafi Fijo 504 ce, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda ya yi Kano zuwa Legas da ita ba ta taɓa yi masa tari ba. Motocin yanzu kuwa, in ji shi, roba ce da waya. Daga nan sai ya naɗe hannun riga ya shiga neman kafireto a cikin Corolla wadda ba a ƙera ta da shi ba, in bai samu ba ya ce ai ga matsalar nan. Yakan zaro gejin baƙin mai ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu, ya kafa sukudireba a jikin inji ya manna kunne, alhali injin a mace yake. Magungunansa daga kicin suke: ɗanyen ƙwai ko garin barkono a zuba a lagireto su toshe yoyo. Sukan toshe yoyon na ɗan lokaci, sukan kuma toshe hanyoyin ruwan gaba ɗaya. Yana kiran mai motar "yaro" ko da furfura ta cika masa gemu, mai motar kuma ba abin da zai ce sai "Haka ne, Baba." Abin da ya sa ba a iya korarsa shi ne, a cikin maganganunsa goma akwai ɗaya ta gaskiya: "Ku bar ta ta huce."

Akwai na waya, surukin mai motar, wanda daga Abuja yake cewa a kara masa salula a jikin inji ya ji. Akwai mai cewa baki ne, tunda motar sabuwar shigowa ce daga Kwatano. Akwai kuma wanda ke tsaye a gefe, hannu a baya, bai taɓa riƙe sifana ba, yana haddace maganar kowa don ya je ya rubuta a mujalla.

Duk waɗannan ana yafe musu, domin ba sa karɓar ko sisi. Wanda ba a yafe wa shi ne bakaniken da ke yanke hukunci tun daga kan babur: "Alhaji, inji ya yi nokin, sai an sauke." Bai zaro geji ba, bai kwance fulogi ba, bai gwada juya injin da sifana ya ga ko ya cije ba. Ya san mai motar baƙo ne a hanya, da iyali a mota, ga magariba ta kawo jiki. Irinsa ne kuma a gyaran baya ya cire tamostat ya jefar, ya ce na ƙasashen sanyi ne, ya haɗa fanka kai tsaye, ya bar ainihin yoyon yana nan. Zai karɓi kuɗin kaya ya ce ya tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka, mota ta yi wata uku a garejinsa kaji suna kwana a ƙarƙashinta, batirinta kuma ya koma wata motar. Wannan ba rashin sani ba ne, cin amana ne.

Na ƙarshe shi ne yaron gareji mai riƙe da akwatin sifanu, wanda ba a tambayarsa. Shi ne kan jira inji ya huce, ya zaro geji ya ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Ya cika lagireto, ya ce a murɗa, ya ga ruwa yana kumfa yana tsalle ta bakin murfi, inji kuma yana juyawa sakayau babu nauyi. Ya kwance fulogi ya same su a jiƙe. Alamun nan duka abu ɗaya suke nunawa: gasket ya ƙone, ruwa ya shiga silinda, matsin da ke tayar da inji ya zube. "Oga, gasket ne," yakan faɗa a hankali, a ce masa ya yi wa manya shiru. Motar da ta nuna waɗannan alamu ba a ƙara murɗa mata ki. Janwe ake kira, a kwance kan injin a auna ko ya lanƙwashe, a sa sabon gasket, a kuma gyara abin da ya zubar da ruwan tun farko.