A Gaishe da Injiniyan Allo

Duk ranar da za a zauna rabon lambar yabo a ƙasar nan, ina roƙon a fara da mai haɗa wa allon talla wuta. Ina nufin bawan Allahn nan da kowa ke kira Injiniya, daga Mainika zuwa Getso, daga Kutama zuwa Garo, wanda kayan aikinsa ba su wuce filaya da testa da baƙin salatif ba, kuma dukansu aljihun gaba na riga ya ishe su. A Jamus sai yaro ya shekara uku da rabi yana kai-komo tsakanin makaranta da wurin maigida, sannan a yi masa jarrabawa, kafin a yarda ya taɓa wayar gidan wani da sunan sana'a. Wannan wahalar marasa baiwa ce. Namu damina ɗaya ya yi a Kano yana riƙe wa wani tsani, ya dawo gida da ilimin kakaf.

A tsaya a ga aikinsa, don gani ya kori ji. Mai kemis ko mai cajin waya ko mai gidan kallon ƙwallo ya je birni an buga masa allo mai launi, mai walda ya haɗa masa gida na ƙarfe da ƙafafu biyu, an kafa a bakin hanya. Saura haske. Sai Injiniya ya iso a kan babur, ya ɗaga kai ya dubi allon, ya yi shiru irin na manyan masana, ya yanke kuɗi. Wayar da zai ja daga shago zuwa bakin titi siririya ce, irin wadda ake haɗa lasifika da ita, domin mai kauri tana da tsada kuma shi mutum ne mai tausayin talaka. Da haƙori yake fere ta. Inda ta gaza ya ƙulla wata, ya naɗe da salatif, in salatif ya ƙare ga ledar fiyawata nan a ƙasa, Allah ya hore. Fis kuwa ba ya sa shi, tun da ya lura abu ne mai yawan tsinkewa yana ɓata wa mutane ciniki. In ma ya tarar da shi a shagon, yakan taimaka ya maye gurbinsa da zaren waya mai ƙwari wanda ba ya tsinkewa ko gini zai narke.

Masu littafi suna cewa duk allon ƙarfen da wuta ta shiga sai an ɗaura masa waya ta uku, an kai ta ga sandar ƙarfe da aka binne a ƙasa. Hujjarsu ita ce rana tana cin rigar waya, iska tana goga ta a bakin ƙarfe, ruwa yana shiga mahaɗi, wata rana kuma wutar nan mai ƙarfin bolt 230 za ta bar waya ta hau jikin allon gaba ɗaya. In akwai waccan waya ta uku, wutar ta bi ta ta shige ƙasa, makashin wuta ya faɗi. In babu, sai ta zauna a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai zame mata hanya: yaron da ya jingina yana shan rake, ko mai tallan gyaɗa da ta fake wa yayyafi babu takalmi. Har wata 'yar na'ura suke so a sa, wadda ke yanke wuta nan take da zarar abin da ya zurare ya kai miliamfiya 30. Ka ji mutanen da ba su yarda da ƙaddara ba. Injiniya ya hutar da mu wannan duka, ya bar wa mai shago canjinsa.

Kada wani ya ce ba mu da doka. Muna da ita, har ta yi mana yawa. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA, aka ɗora mata duba kayan lantarki da aikin wayarin, da ba masu wannan sana'a takardar shaidar ƙwarewa bayan an gwada su. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta sake jaddada mata wannan aiki. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ma ta daɗe tana yi wa masu sana'ar hannu gwaji mataki uku. Abin da ya fi burge ni game da dokokin nan shi ne kunyarsu. Doka ce mai tarbiyya, ba ta shiga inda ba a gayyace ta ba. Daga Kano zuwa Gwarzo tafiyar kilomita saba'in ce ko kusa da haka, ta Janguza da Rimin Gado da ƙasar Kabo, amma ka tari mai shago a ƙauyukan nan ka tambaye shi ko ya nemi ganin lasin wanda ya yi masa wayarin, zai dube ka ne kamar ka nemi takardar makarantar wanzami. Shi ma yana da gaskiyarsa. Mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, ka ce ya nuna maka takarda? Ai cin fuska ne.

Ta ɓangaren allon kansa kuwa, marayan da ya fi kowa yawan iyaye ke nan. Tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da tallace-tallacen waje da alluna. Jiha ma ba ta yarda a bar ta a baya ba: Legas ta kafa hukumarta ta alluna tun 2006, Kano kuma a 2025 gwamna ya sa hannu a dokar kafa tata. Can sama ga ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, mai ikon tace talla kafin jama'a su gani. Kowannensu yana ƙaunar allon nan, kuma ƙaunar fuska ce zalla. Mai karɓar haraji zai zo ya tsaya a gabansa, ya ƙiyasta tsawo da faɗi, ya lura cewa mai haske ne, ya rubuta rasit. Zagayawa baya, inda ƙullin leda yake lilo a kan ƙarfe, wannan ba hurumin kowa ba ne, kuma mutumin kirki ba ya shiga hurumin wani. Mai shago ya ninke rasit ɗinsa ya adana a ƙasan teburi. Wasu na cewa rasit ba ya hana wuta jan mutum. Ni dai ban taɓa jin an kama allo mai rasit da laifi ba.

Sai kuma abin da ke rubuce. Daga 1 ga Oktoba 2022 ARCON ta hana amfani da fuskoki da muryoyin baƙin ƙasashen waje a tallan Najeriya, mataki na kishin ƙasa wanda har yanzu labarinsa bai iso wurin masu aski ba, don haka mawaƙan Amurka suna nan a allunansu suna tallan gyaran fuska. Gefe ga allon mai maganin gargajiya, kwalba ɗaya tana kashe basir da shawara da ciwon suga da sammu. NAFDAC tana da ƙa'ida a kan irin wannan iƙirari, amma allon ya fi ƙa'idar haske da daddare, albarkacin Injiniya.

To me ya sa gari bai ƙone ba tuntuni? A nan ne ya kamata mu miƙe tsaye mu gaida babban sufeton ƙasa, wanda ba ya karɓar albashi kuma ba ya zuwa hutu, wato rashin wuta. Waya komai lalacewarta ba ta cutar da kowa muddin babu abin da ke gudu a cikinta. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, zuwa PHCN, zuwa KEDCO da ta karɓi rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, wannan kariya ba ta taɓa yankewa gaba ɗaya ba. A Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, babu allon da ya ja kowa da wutar gwamnati. Wace hukumar kiyaye haɗari ce a duniya ta taɓa cin irin wannan nasara?

Abin baƙin ciki, zamani yana neman rushe mana tsarin. Sola ta shigo ƙauye, ga batir, ga inbata, ga janareta a bayan kowane shagon caji, wayoyin da suka shekara suna barci yanzu sun farka. Injiniya bai karaya ba. Janareta ma yakan haɗa shi kai tsaye da wayar shago ba tare da makunnin da ke raba shi da layin gwamnati ba, ta yadda wutar mai shago za ta koma kan falwaya kyauta. Ma'aikacin da ya hau gyara, yana da tabbacin an kashe layi, shi zai fara shaida wannan karamci.

In kuma abin ya faru, muna da tsari mai kyau na karɓarsa. Kano ta ga gobarar kasuwar Singa da ta Sabon Gari a 2016, dubban shaguna suka tafi a ta Sabon Gari, kuma kusan duk lokacin sanyi sai an ji wata a wani wuri. Manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a ce ana zargin wutar lantarki, kamar ita ta sayo wayar ta ƙulla da kanta. A ƙauye ma ba a kai ga kwamiti. A ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi addu'a, a share toka. Mai shago ya ci bashi ya sake gini, ya sake buga allo, ya aika a kira masa Injiniya, domin shi ne ya san wayarin wurin tun farko, kuma saboda jaje zai rage masa wani abu.

Yanzu ga kakar siyasa, wadda ita ce kakar girbinsa. Allunan 'yan takara sun fi na kemis girma nesa ba kusa ba, ana kafa su a mararraba inda jama'a suka fi taruwa, galibi da daddare kuma cikin gaggawa, wasu a ƙarƙashin manyan wayoyi. Masu fuskokin da ke kai su ne za su je majalisa su ƙara mana dokar lantarki. Duk ɗan takarar da ke son nasa ya haska a mararrabar Gwarzo gara ya kai kafin alƙalami da wuri, don an ce Injiniya ya fara ƙin ɗaga waya.