Yau Ba a Ɗora Tukunya Ba

Mu fa idan bazara ta kankama, akwai wata ƙarya da muke haɗa baki mu yi, kuma babu mai tona asirin wani. Daga tsakiyar Maris har faɗuwar ruwan farko, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40, bangon ɗaki ya yini yana shan rana ya kwana yana amayar da ita, sai ka ga uwargida ta leƙa kicin bayan la'asar, ta dawo tana fifita da bakin mayafi, ta ce, "Ni kam yau ba zan iya tsayuwa gaban murhu ba." Shi ke nan, alƙali ya yanke hukunci. Ana sallame magariba sai a kira auta a damƙa masa kuɗi: biredi babba ɗaya, sardin gwangwani ɗaya, albasa da tumatir, "kuma ka latsa ka ji mai laushi ne, kada ka kwaso mana na jiya."

Wannan latsawar kuwa gadonmu ce. Duk biredin da ya shigo gidanka, yatsun mutum goma sun riga sun gaisa da shi a kan teburin mai shago, kai ne na sha ɗaya, kuma kai ne mai ƙorafin wai ya lotsa.

To ga ƙaryar. A wurinmu biredi ba abinci ba ne. Mutum zai tashi da rabin biredi shaƙe da kifi da albasa, ya kora da moɗa biyu ta ruwan randa, ya yi gyatsa har maƙwabta su ji, amma idan ka tambaye shi ko ya ci abinci sai ya marairaice ya ce, "Ina fa, ɗan biredi dai na taɓa." Abin da ba a tuƙa da muciya ba, ba a kaɗa masa miya ba, ba ya shiga lissafi. Maigida ma da yake rantsuwa shi in ba tuwo ba ba ya iya barci, shi ne yake fara miƙo hannu daga kan tabarma yana cewa a ƙara masa yaji a nasa. Ai dama an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ko da yake masu maganar ba sardin suke nufi ba.

Turawa suna kiran abin sanwic, wai daga sarautar wani basarake na Ingila a ƙarni na 18, John Montagu, wanda ake ba da labarin ba ya son tashi daga teburin karta, sai ya sa a cusa masa nama tsakanin yankan biredi biyu. Shi caca ce ta hana shi zama cin abinci, mu gumi ne. Ba mu ma wahalar da kanmu wajen raɗa masa suna ba: biredi da kifi, biredi da ƙwai, biredi da ƙosai, biredi da duk abin da Allah ya hore. Bakano kuwa sai ya taɓe baki ya ce ai duk wannan a bayan gurasa bandashe yake, wadda aka yayyafa wa ruwa, aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, kuma ni ban ga laifinsa ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su nasu dogo ne irin na Faransa, mai ɓawo, ana ɗauko shi a hammata kamar sandar makiyayi.

Mu wuƙa ba ta cika shiga harkar ba. Babban yatsa ake sawa a tsaga biredin a tsaye, a ɗan ƙwaƙule cikinsa a jefa a baki kafin kowa ya lura, sannan a fara aikin gaske, wato yadda gwangwani ɗaya na Titus, kifin da aka kamo tun daga gaɓar tekun Maroko, zai ishi mutum bakwai. Nan ne ake gane uwargida mai ilimi. Za ta farfasa 'yan kifin nan da cokali har su manta cewa sun taɓa zama kifi, ta yanka albasa mai yawan da ta fi su, ta zuba tumatir, ta murje rabin dunƙulen magi, ta juya, sai ga kwano ya cika. Kowa zai samu ƙamshin kifi. Kifin kansa kuma sai mai rabo. Man da ya rage a gindin gwangwani shi ne ake rigima a kai, auta yana cewa shi aka aika, yayarsa tana cewa ita ta yanka albasa har ta yi hawaye, kafin a ankara Baba ya dangwale shi da gefen biredi yana kallon sama.

Kwalbar mayonis kuma tana cikin firjin da ya kwana uku bai ga wuta ba, ya koma kabad. Gwajinmu ɗaya ne: a buɗe, a shinshina, a miƙa wa na kusa shi ma ya shinshina, a ce, "Lafiyarsa ƙalau," a yi bisimilla.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, mun ce zafi ya hana hura wuta. Amma biredi ba ya wucewa a maƙogwaro haka nan, sai an ɗora ruwan shayi. Tunda an kunna wutar, sai wani ya ce a soya masa ƙwai biyu. Wata ta ce in dai za a soya, a sa mata attaruhu. Ƙarshe dai uwargida ta fi daɗewa a kicin fiye da a ce tuwon ta tuƙa, mu kuma muna zaune a tsakar gida muna kurɓar shayi mai tururi, gumi yana bin ƙeya, muna cewa Alhamdulillahi yau an ci abu mara nauyi. Masu wayo su ne masu aikawa bakin titi a sayo ƙosai ko balangu, su bar wa mai suya zafin.

Sai kuma ranar da aka ji sallamar surukai ana tsaka da ci. Nan take biredi yake shigewa ƙarƙashin faifai, gwangwani ya bi bayan randa, yara su goge baki da hannun riga. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta: "Lale, lale, Hajiya! Yanzun nan nake shirin ɗora tukunya." Hajiya kuwa tana jin ƙamshin sardin sarai, ba za ta ce komai ba, domin ita ma abin da ta baro a gidanta ke nan.

Gari na wayewa babu ɗumame, tunda ba a yi tuwo ba. Sai a sake kiran auta: "Zo ka sayo mana biredi, mu karya. Jiya haka muka kwana ba mu ci komai ba."