Kilo 23 Ne Kawai, Gwaggo

Tun da Birtaniya ta buɗe bizar ma'aikatan lafiya a 2020, da wuya ka zauna a majalisa a Kano ko Zariya ba ka ji wane ya ci jarrabawar likitoci ta PLAB, ko wance ta samu aikin jinya a Manchester ba. Don haka wanda ya ji labarin nan ya yi kama da na gidansu kada ya tsargu, masu tafiyar yawa gare su.

Wani likita ne aka gama masa zirga-zirgar Abuja, gwajin tarin fuka da ɗaukar hoton yatsu, biza ta fito masa shi da iyalinsa. Saura haɗa kaya, kuma a nan ake yin ta. Akwati biyu jirgi ya yarje wa kowa, kowanne kada ya wuce kilo 23. Sai Likita ya sayo sikelin rataye, ya kasa gidan kashi uku: na tafiya, na sayarwa, na bayarwa.

Mota, janareta, sola da baturanta, injin wanki, firij babba da ƙarami, duk ya ɗauki hotonsu ya ɗora a WhatsApp, ƙarƙashin kowanne ga farashi, ga "ba ragi". Uwargida ta kira dillaliya ta nuna mata gado da kujeru da kulolin da tun ranar jere ba su fita daga kwali ba. Dillaliya ta san mai tafiya ba shi da lokacin ja-in-ja, ta taya rabin kuɗi, aka sallama.

Kashi na uku ne abin kallo. Fanka mai tsaye wadda sai an tura ta da yatsa take juyawa, talabijin mai ƙeya, dutsen gugar da wayarsa ta ƙone, takalman da suka buɗe baki. Aka loda su a adaidaita-sahu, aka ce a kai wa Gwaggo, a gaya mata Likita bai manta da ita ba.

Ita Gwaggon ƙanwar mahaifinsa ce. Ita ta riƙe shi tun yana firamare da uban ya rasu. Shekarar da zai zana WAEC, kwallayenta na aure da awaki biyu ta sayar. Yana jami'a, garin kwaki da ƙuli-ƙuli ba su taɓa yanke masa ba. Yanzu zoɓo take sayarwa, tana biyan maƙwabta kuɗin sanyaya shi. Ta yi godiyar kaya, washegari ta yafa gyale ta zo da ƙafarta.

"Likita, ƙaramin firij ɗin nan fa? Ko bashi ne ka bar mini, in riƙa biya da kuɗin zoɓo."

"Ayya Gwaggo, kin makara. An riga an yi ciniki."

Jikanta mai waya ya ce har dare hoton firij ɗin yana nan da farashinsa.

Ni ban ga laifin mai sayar da kayansa ba. Ƙaura na cin kuɗi: ga hayar gida da kuɗin ajiya, ga rigunan sanyin yara, kuma fam ba ya jin tausayin naira. Sai dai abin da aka samu a firij ɗin nan ko hayar mako guda ba zai biya a can ba.

Ana saura 'yan kwanaki, Likita ya aika wa Gwaggo takarda: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, dambun nama. Ta kwana uku tana daka da tankaɗe, ta soya man shanun da albasa kamar yadda yake so, ta ƙulle kowanne a leda uku don kada wari ya fita. Da aka rataya a sikeli kaya suka yi nauyi, Likita ya zare littattafansa na karatu ya ba su wuri. Da ta roƙi ya tafi da bargon saƙin mahaifinsa da ta ajiye masa, ya ce, "Kilo 23 ne kawai, Gwaggo."

A filin jirgin Heathrow jami'ai suka buɗe akwati. Dokar ƙasar ta hana matafiyi shiga da nama ko abin da aka yi da madara, sai suka ɗauke dambun da man shanun. Sauran suka wuce, aka yi ta kaɗa miyar kuka ana ɗora hotonta.

Kafin hunturu ya fita daddawa ta ƙare. Ta shagon 'yan Afirka tsada gare ta, kuma uwargida ta ce ba ta da ƙamshi. Likita, wanda tun saukarsa bai kira ba, ya nemo lambar jikan nan, aka kai wa Gwaggo waya. Ya gaishe ta da sanyi, ya tambayi ciwon ƙafa, sannan ya ce akwai abokinsa da zai taso daga Abuja sati mai zuwa, ko za a samu daddawa irin ta wancan karon?

"Akwai kuwa, ɗan nan, jiya na kwashe ta daga shanya," in ji Gwaggo. "Sai dai ka makara. An riga an yi ciniki."